Daga Bagaruwa Zuwa Ɗakin Gwaji: Yadda Ake Gano Sinadaran Da Ke Cikin Itatuwan Magani

  

Yau hirar tamu a kan magungunan gargajiya za ta tsaya. Babu gidan da za ki shiga a ƙasar Hausa ki rasa ƙullin bagaruwa, ko sassaƙe, ko garin sabara a wani lungu na ɗaki. Mu mata mu ne masu jiƙawa, mu ne masu dafawa, mu ne masu ɗura wa yara. Ranar Juma'a idan kasuwar Wudil ta cika, za ki ji masu magani da lasifika suna tallar hajarsu, kuma akwai wata kalma da suka riƙe ƙam a 'yan shekarun nan, wato "an gwada shi a jami'a". To mene ne wannan gwajin? Me ake yi wa ganye idan an kai shi ɗakin gwaji? In an ce an sami sinadari kaza a cikinsa, shin ya zama magani ke nan? Waɗannan tambayoyi ne da ya kamata kowace uwa ta san amsarsu, domin lafiyarta da ta 'ya'yanta ce a ciki, haka ma kuɗinta.

A nan Wudil muna da jami'ar kimiyya da fasaha a kan hanyar Gaya, wadda ta fara aiki a shekarar 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a shekarar 2022. A sassan kemistiri da nazarin halittu na jami'o'i irin wannan, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ɗalibai da malamansu sukan ɗauki itacen da muka sani su bi diddiginsa. Cikin abubuwan da suke nema akwai wasu sinadarai da ake kira dangin fenol.

Su wane ne dangin fenol?

Kada sunan ya ba ki tsoro, 'yar uwa. Kin daɗe da saninsu, suna ne kawai ba ki sani ba. Idan kika tauna goro, ko ɗanyar kanya, ko kika sha shayin da ya daɗe a wuta ba madara, kin san yadda baki yake tattarewa, harshe ya yi kamar ya bushe. Wannan shi muke kira bauri, kuma aikin wani reshe ne na wannan dangi mai suna tanin. Jan da ke cikin zoɓo ɗan gidan ne, sunansa antosayanin. Jan karan dafi shi ma haka. Ƙamshin kanumfari da ɗan zafin nan da ke kashe ciwon haƙori na ɗan lokaci, sinadarin yujinol ne, shi ma ɗan dangi ne. Idan kika yanka yalo ko dankali kika bar shi a iska ya yi duhu, su ne suka haɗu da iska suka sauya launi.

Sai dai a lura, bauri daban, ɗaci daban. Ɗacin maɗaci da na darbejiya daga wasu sinadarai ne na wani gida can, ba na fenol ba. Saboda haka zancen da ake yi cewa duk abu mai ɗaci magani ne iri ɗaya, bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Abin da ya haɗa su dangi shi ne ƙirarsu. Masana sun gano cewa kowannensu yana da wani zobe na ƙwayoyin kabon guda 6, da ɗan hannu na oksijin da haidirojin maƙale a gefe. Wani zobe ɗaya gare shi, wani biyu ko uku, wani kuma sarƙa ce doguwa, kamar tanin. An san fiye da iri 8,000 a cikin tsirrai. Uban gidan, wato fenol ɗin kansa, daga kwalta aka fara fitar da shi a shekarar 1834, kuma da shi wani likitan Birtaniya mai suna Joseph Lister ya riƙa wanke kayan tiyata da raunuka, ya buga sakamakonsa a shekarar 1867. Ko Dettol ɗin da muke zubawa a ruwan wankan jariri, abin da ke aiki a cikinsa ɗan wannan gida ne, na haɗin masana'anta.

To me itace yake yi da su? Itace ba ya gudu. Rana ta dake shi a inda yake, ƙwari su far masa, akuya ta miƙa wuya. Waɗannan sinadarai su ne garkuwarsa. Baurin yana sa dabba ta ci kaɗan ta bari, wasu suna kashe ƙwayoyin cuta da fumfuna, wasu suna tare zafin hasken rana, masu launi kuma suna jawo zuma da tsuntsaye. Shi ya sa yawansu yake sauyawa. Bagaruwar da ta fito a bakin kogi da wadda ta fito a kan tudu ba lalle su zo daidai ba, haka ganyen da aka tsinka da damina da na bazara.

Kakanninmu sun ci moriyar wannan tun kafin a gina jami'a. Majeman Kano da bagaruwa suke jima, domin tanin yana kama naman fata ya ɗaure shi, ya hana shi ruɓewa. Dukawa kuma idan suna son baƙi, sai su shafa kuloko, wato ruwan da aka jiƙa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki. Da ya taɓa jemammiyar fata sai wurin ya koma baƙi ƙirin. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Matakin farko: a san itacen

Aikin ba a ɗakin gwaji yake farawa ba, a daji yake farawa. Mai bincike zai tambayi masu magani, da ungozomomi, da tsofaffi, wane itace ake amfani da shi, ga wace cuta, wane ɓangare, saiwa ko ɓawo ko ganye ko 'ya'ya. Daga nan sai ya tsinko reshe mai ganye da fure, ya kai ɗakin adana busassun tsirrai, irin wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. Can masanin tsirrai zai tabbatar da sunansa na kimiyya, a manna shi a takarda, a ba shi lamba a ajiye.

Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Itace ɗaya yana iya samun suna biyu ko uku tsakanin Kano da Sakkwato da Damagaram, kuma suna ɗaya yana iya hawa kan itatuwa biyu. Tun a shekarar 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa don warware irin wannan ruɗani, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa na tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma. In aka yi kuskure a wannan mataki, duk abin da ya biyo baya aikin banza ne.

Mataki na biyu: shanya da jiƙo

Ana wanke abin da aka ɗebo, a shanya shi a inuwa inda iska take kaɗawa. Ke da kike shanya zogale ko kuka kin san dalili. Wanda aka baza a rana yakan koɗe, wanda ya bushe a inuwa yana nan kore shar. Zafi da haske suna lalata da yawa daga cikin waɗannan sinadarai. Bayan ya bushe sai a daka shi ya zama gari, a auna nauyinsa a rubuta.

Sai jiƙo. Mu da ruwa muke jiƙawa, su kuma sukan yi amfani da wasu ruwaye masu ƙarfin janyo sinadari, irin su etanol da metanol, sau da yawa a gauraya da ruwa kaɗan. Ana barin garin a ciki kamar kwana 3 ana girgizawa, sannan a tace. Akwai kuma wata na'urar gilashi da wani Bajamushe mai suna Soxhlet ya ƙera a shekarar 1879, wadda take ta zagayo da ruwan a kan garin har sai ta tatse shi. Daga nan a ƙafar da ruwan a wata na'ura mai juyawa, a zafin da bai wuce kamar digiri 40 ba. Abin da zai rage wani abu ne mai kauri da danƙo kamar maɗi.

A nan ina son ku lura da abu guda. Metanol guba ne, yana makantarwa, yana kisa. A ɗakin gwaji kawai ake aiki da shi, kuma ana ƙafar da shi gaba ɗaya. Abin da ya janyo daga ganye ba lalle ne ya zama daidai da abin da ruwan tukunyarki ya janyo ba. Don haka sakamakon gwajin da aka yi da shi ba kai tsaye yake magana a kan jiƙon gida ba.

Mataki na uku: rabawa

Wannan maɗin cakuɗe yake da ɗaruruwan sinadarai: mai, da sukari, da koren ganye, da ƙaro, da dangin fenol, da sauransu. Dole a raba su. Kin ga idan aka zuba man gyaɗa a ruwa, ba sa haɗuwa, man yana sama ruwan yana ƙasa. Gishiri zai bi ruwa, jan barkono kuma zai fi bin man. Da wannan dabarar ake aiki. Ana narka maɗin a ruwa, a zuba a wata kwalba mai famfo a gindinta, a ƙara wani ruwa mai kama da fetur da ake kira hekzen, a girgiza a bari ya kwanta. Mai da koren ganye za su bi hekzen, sai a zubar da su gefe. A sake yi da wani ruwan mai suna etil asitet, sannan butanol. Yawancin dangin fenol a waɗannan biyun suke taruwa.

Ta yaya za a san suna ciki? To ga inda kulokon dukawa ya dawo. Ana ɗiban kaɗan a ɗan bututun gilashi, a ɗiga masa ruwan wani gishirin ƙarfe mai suna ferik kulorayid. In akwai tanin ko 'yan uwansa, nan take sai ruwan ya koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, ko kore mai duhu. Abin da ke faruwa a kan fatar baduku shi ne ke faruwa a cikin bututun. Akwai gwajin wani reshen kuma da ake kira filabonoyid, inda ake jefa ɗan ƙarfen maganiziyam da ɗigon asid, ruwan ya koma ja ko ruwan hoda.

Ke ma za ki iya ganin irin wannan a madafarki. Ki zuba jiƙon zoɓo a kofi biyu. Ki matsa lemon tsami a ɗaya, za ki ga jan ya ƙara haske. Ki ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, za ki ga ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi ko kore. Antosayanin ke nan yake sauya riga gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Ki gwada wa yara, darasin kimiyya ne kyauta.

In ana son sanin yawansu gaba ɗaya, akwai wani ruwan gwaji da masana biyu, Folin da Ciocalteu, suka haɗa a shekarar 1927. Yana komawa shuɗi, kuma gwargwadon yawan sinadarin, gwargwadon duhun shuɗin. Na'ura ce take auna duhun ta ba da lamba.

Mataki na huɗu: ware guda ɗaya

Duk waɗannan gwaje-gwajen dangi kawai suke nunawa. Kamar a ce miki akwai Kanawa a cikin motar nan, amma ba a gaya miki ko su wane ne ba. Fitar da mutum ɗaya daga cikin taron shi ne aiki mai wuya, kuma dabarar da ake bi sunanta kuromatogirafi. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1900. Ya cika bututu da garin alli, ya zuba ruwan ganye a sama, sai ya ga launuka sun rabu hawa-hawa, kore daban, rawaya daban.

Bari in kwatanta muku. A ce mata goma sun sauka daga mota a bakin gadar Wudil ranar kasuwa, dukkansu za su ratsa su fita ta ɗaya gefen. Baƙuwar da ba ta san kowa ba, ita za ta fara fita. Wadda take da ƙawa ɗaya ko biyu za ta ɗan tsaya gaisuwa, ta fito daga baya. 'Yar gari kuwa, wadda kowace rumfa sai an ce mata "Hajiya ina gajiya", sai la'asar. In kika tsaya a bakin fita, ɗaya bayan ɗaya za ki gan su. Haka sinadarai suke a cikin bututun. Yau da wani farin gari mai kama da rairayi ake cika shi, sunansa silika. Sinadarin da ke son silika yana maƙalewa ya yi jinkiri, wanda ba ruwansa da ita yana bin ruwa ya wuce. Mai bincike yana ƙasa da ƙananan kwalabe yana tara ɗigon da ke fitowa, wani lokaci kwalba 100 ko fiye.

Kowace kwalba sai an duba ta. Ana ɗiga ɗan tabo a kan wani faranti mai shafen silika, a tsoma gindinsa a ruwan gwaji, ruwan ya hau kamar yadda kananzir ke hawan lagwani. In tabo uku suka bayyana, har yanzu a cakuɗe yake, sai a sake maida shi bututu. In tabo ɗaya tak ya fito, to an kusa. Wannan aiki yana cin makonni, wani lokaci watanni. Daga garin da ya cika kwano, abin da za a samu a ƙarshe sau da yawa bai fi 'yan ƙwayoyin gishiri a tafin hannu ba. Akwai na'urorin zamani da ke yin wannan rabo da matsin famfo cikin mintuna, sai dai suna da tsada, kuma suna son wutar lantarki da ba ta yankewa.

Mataki na biyar: sanin sunansa

An ware shi, saura a san ko wane ne. Na'ura ta farko tana haska shi ta ga irin hasken da yake shanyewa. Ta biyu tana auna nauyin ƙwayarsa. Misali, galik asid, wanda ake samu a bagaruwa, nauyinsa 170 ne a ma'aunin masana, shi kuma kuwasetin, wanda ake samu a ganyen zogale da albasa, 302. Ta uku ita ce babba, tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, dangin na'urar nan da ake shigar da majiyyaci cikinta a manyan asibitoci don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ita take nuna inda kowace ƙwaya ta zauna, har a zana hoton sinadarin. Irin wannan na'ura ba ta da yawa a ƙasar nan, shi ya sa masu bincikenmu sukan aika samfuri zuwa ƙasashen waje su jira amsa.

Ta haka aka san cewa jan zoɓo yawancinsa daga sinadarai biyu yake, ɗaya na gidan delfinidin, ɗaya na gidan sayanidin. Ta haka aka san jan karan dafi apijeninidin ne, aka san ɓawon marke yana da dangin elajik asid, aka san abin da ke kama hannu a lalle wani makusancinsu ne mai suna loson.

Samun sinadari da samun magani

To 'yan uwa, ga inda nake son mu natsu. Duk wannan doguwar tafiya, abin da ta gaya mana shi ne me ke cikin itacen. Ba ta ce yana warkarwa ba tukuna. Bayanta akwai gwaji a faranti, a ga ko yana kashe ƙwayoyin cuta. Akwai gwaji a kan ɓeraye, a ga adadin da ke cutarwa, da abin da yake yi wa hanta da ƙoda. Sai an tsallake waɗannan ake zuwa kan mutane, kaɗan da farko, sannan da yawa, ana kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar cuta a faranti, amma a cikin mutum hanji ba ya tsotse su, ko hanta ta rushe su kafin su isa inda ciwon yake.

Ku dubi asfirin. Turawa sun daɗe suna shan ɓawon wani itace mai suna wilo don zazzaɓi. A shekarar 1828 aka ware sinadarin da ke cikinsa, amma sai a 1897 kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa asfirin ɗin da muka sani. Shekara 69 ke nan tsakani.

A gida ma muna da misali. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya na ciwon sikila daga hannun wani mai magani, ta yi yarjejeniya da shi, ta yi shekaru tana gwaji. A cikin haɗin akwai masoro, da kanumfari, da ganyen jar dawa, da wani nau'in itacen majigi. Aka sa masa suna Niprisan, aka gwada shi a kan masu ciwon, aka ƙaddamar da shi a kasuwa a shekarar 2006 da sunan Nicosan. Bayan 'yan shekaru matsalar kuɗi ta tsayar da kamfanin da ke sarrafa shi, masu ciwo suka shiga nema. Wannan ya nuna cewa ilimin iyayenmu yana iya kaiwa har kantin magani, ya kuma nuna hanyar ba gajera ba ce.

Zoɓo ma an gwada shi a kan mutane. A wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini aka raba gida biyu. Waɗanda suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Abu ne mai kyau, amma ragi ne kaɗan, kuma a kan masu ƙaramin hawan jini. Wadda likita ya ɗora a kan ƙwaya kada ta ajiye ta ta koma zoɓo. Kuma zoɓon da aka cika da sukari wata matsalar yake jawowa.

Abin da ya shafe mu a gida

Na farko, shayi da ƙarancin jini. Kun tuna yadda tanin yake kama ƙarfe ya yi baƙi? Haka yake yi a cikin hanji. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye da hatsi, wanda jiki ke gina jini da shi, idan ya haɗu da baƙin shayi sai ya ɗaure, abin da jiki zai tsotsa ya ragu da fiye da rabi. Mai ciki da mai shayarwa su ba da tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma kada a haɗiyi ƙwayar ƙarin jini ta asibiti da shayi ko a bi ta da goro. Lemo da gwaiba kuwa suna taimaka wa jiki ya tsotsa. Sannan jan zoɓo da jan karan dafi launi ne na itace, kamarsa da jini ba ta mai da shi jini ba. Wadda aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa, ta sha abin da aka rubuta mata.

Na biyu, gudawar yara. Abu mai bauri yana iya tsuke hanji har kashin ya ɗan ragu, uwa ta ga kamar an samu sauƙi. Amma abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganin wannan shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba da nono. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nono kaɗai ya ishe shi, hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwarin ɗaukar jiƙe-jiƙe ba.

Na uku, lalle. Ga babba ado ne, amma akwai jariran da ake haifa da wani rauni na gado a ƙwayoyin jininsu, wanda ya fi yawa a 'ya'ya maza, kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Likitoci a ƙasashen Larabawa da Turkiyya sun ba da rahoton irin waɗannan jarirai da aka shafa wa lalle a jiki, jininsu ya farfashe, suka yi shawara mai tsanani. A bar jariri da lalle. Shi kuma baƙin lallen nan mai kamawa cikin mintuna, sau da yawa rinin gashi ake zuba masa, yana iya ƙona fata.

Na huɗu, maganar da ta shafe mu mu kaɗai. Abin da ke jeme fatar akuya ba wasa ba ne. Matan da ke cusa garin bagaruwa da makamantansa a gabansu, su sani wurin nan fatarsa laushi gare ta. Bushewa da tsagewa suna buɗe ƙofa ga cuta. Mai jegon da aka yi wa ɗinki ta tambayi ma'aikaciyar asibiti kafin ta zauna a cikin kowane irin jiƙo.

Na biyar, yawa. Ganyen da ake ci a miya daban yake da wanda aka tatse aka dunƙule a ƙwaya. A shekarar 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba koren shayi, ta ce shan sa yadda aka saba galibi ba shi da matsala, amma ƙwayoyin da ke ɗauke da miligiram 800 ko fiye na babban sinadarinsa a rana suna iya taɓa hanta. Masu sayen maganin rage ƙiba su ji wannan da kyau.

Saboda haka idan mai magani ya ce miki an gwada, ki tambaye shi cikin ladabi: a ina, a kan me, a faranti ko a ɓera ko a mutane? Nawa ake sha, har kwana nawa? Mai ciki za ta iya sha? Ki duba kwalbar ko tana da lambar hukumar NAFDAC, da ranar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa. Ki kuma sani cewa lambar da ake fara ba magungunan gargajiya tana nufin an duba ba su da cutarwa a fili, ba ta tabbatar da duk cututtukan da aka jera a jikin kwalbar ba. Maganin da aka ce shi kaɗai yana warkar da suga, da basir, da sanyi, da rashin haihuwa, ki riƙe kuɗinki. In kuma kin je asibiti, ki faɗa wa likita duk abin da kike sha, kada ki ji nauyi, domin wasu jiƙe-jiƙen suna karo da ƙwayoyin asibiti.

Kira biyu nake da su kafin mu rabu. Masu sassaƙe, don Allah kada a zagaye itace da sara. Itacen da aka kwashe ɓawonsa zagaye mutuwa yake yi, a ɗiba ta gefe ɗaya a bar masa sauran. Mu kuma iyaye, wannan ilimi na itatuwa yawancinsa a kan tsofaffin mata yake, kuma kullum tafiya suke. 'Yarki da ke makarantar sakandare, ki sa ta zauna da kakarta da littafi da biro, ta rubuta sunan itace, da ɓangaren da ake ɗiba, da yadda ake haɗawa. In kuma tana son kemistiri, a ƙarfafa mata gwiwa, ga jami'a nan a bakin ƙofa. Yarinyar da ta tashi tana ganin ana jiƙa sabara, ita ta fi kowa sanin tambayar da ya kamata a kai ɗakin gwaji.

To jama'a, a nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana, za mu miƙa wa masana. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.